Darasi: Gano Matsalar Tsohuwar Bas da Ta Sha Dabarar Masu Ita na Baya

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran mai koyo zai iya:

1. bambanta alamar matsala da tushenta;
2. gane dabarun wucin gadi da aka fi yi wa bas-bas a yankinmu, da abin da kowacce ke ɓoyewa;
3. yin gwaji da ido da hannu da mita kafin a kashe kuɗi wajen sayen kaya;
4. tsara gyara bisa girman haɗari da ƙarfin aljihun mai mota.

1. Motar da ta ratsa hannaye da yawa

Duk wanda ya tsaya a tashar Birnin Kudu ta Jihar Jigawa da sassafe, ko ya je Sara ta ƙaramar hukumar Gwaram ranar kasuwa, ya san motocin da ke ɗauke da rayuwar wannan yanki. Ga Hiace ta kamfanin Toyota, wadda kowa ke kira hayis. Ga C20 ta Nissan, ga Sharan, ga kuma J5 ta Peugeot da ake danƙara wa buhunan hatsi da awaki har sai ta durƙusa. An fara ƙera J5 a 1981, aka daina kafin 1995. Hayis mai tsohuwar ƙira, wadda injinta ke ƙarƙashin kujerar gaba, ta fito a 1989, kuma a 2004 ne sabuwar da ake ce wa Hummer ta biyo bayanta. Ita kanta Jihar Jigawa a 1991 aka ƙirƙire ta, wato cikin motocin da ke lodi a yau akwai waɗanda suka girme ta.

Kusan babu wadda ta zo sabuwa. Yawanci sun gama aikinsu a Turai, aka sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Legas, suka iso Kano. Nan sukan fara da dogon zango. Idan ƙarfi ya ragu sai a sayar wa mai jigila tsakanin Birnin Kudu da Kano ta Wudil, ko mai bin hanyar Babaldu zuwa Ningi. Daga nan sai hanyar Gwaram zuwa Basirka da kasuwannin ƙauye, inda damina ke cin hanya, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022 da ta ɓata hanyoyi da dama a jihar. Kowane mai ita ya bar tabonsa a jikinta, kuma ba a cika samun wanda ya rubuta abin da ya yi ba.

Ba adalci ba ne a ga laifin direban da tiyon ruwa ya fashe masa da magariba tsakanin Gwaram da Farin Dutse, ga mata da yara a mota, ya ɗaure shi da robar tayar keke ya kai su gida. Wannan gwaninta ce. Ɓarnar tana farawa ne idan gari ya waye ba a koma an gyara ba, har a manta, har a sayar da motar ba a faɗa wa mai saye ba.

> Akwatin kalmomi
> Dabara, ko maneji: gyaran wucin gadi da ake yi don mota ta ci gaba da tafiya ba tare da an kawar da abin da ya lalace ba.
> Alama: abin da direba ke gani ko ji, kamar zafi, hayaƙi, ƙara ko shan mai.
> Tushe: ainihin abin da ya lalace ya haifar da alamar.
> Ƙirar asali: yadda kamfani ya haɗa motar kafin kowa ya taɓa ta.

2. Abubuwa uku da dabara ke bari

Idan mara lafiya ya je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, likita kan tambaye shi magungunan da ya riga ya sha a gida, domin maganin da aka sha yana iya danne zazzaɓi alhali cutar na nan. Bakaniken tsohuwar bas ma daga wannan tambaya aikinsa ke farawa.

Dabarar da ta daɗe a jikin mota tana barin abu uku. Na farko, matsalar asali tana nan tana girma. Na biyu, sau da yawa an kashe abin da zai yi gargaɗi, wato fitila ko geji ko fis. Na uku, dabarar kanta ta haifi sabuwar matsala. Direba da ta ukun yake zuwa gareji, don ita ce ke damunsa. Bakaniken da ya tsaya a kanta zai karɓi kuɗin aiki yau, mako mai zuwa motar ta dawo da wata ƙara, mai ita kuma ya fara zargin an cuce shi.

Saboda haka tambayar farko a kan irin wannan mota ita ce: a ina da ina ta saɓa wa ƙirar asali? Sai an amsa ta gwaji ke da ma'ana.

3. Tambaya, zagaye, da juya makulli

Kafin a ɗauki sifana, a zauna da direba, a kira yaron mota ma, domin shi ne ke zuba ruwa da baƙin mai kowace safiya kuma ya fi kowa sanin yawansu. Yaushe aka sayi motar? Me aka canza tun daga lokacin? Matsalar da sanyin safiya take zuwa ko sai inji ya yi zafi? Da lodi ko babu lodi? Me aka taɓa gab da farawarta? Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi yawan kai mutum ga amsa.

Sannan a zagaya motar da tocila, sama da ƙasa. Ana neman duk abin da bai yi kama da aikin kamfani ba: wayar ɗauri, robar taya, gam mai ƙarfi da aka shafe tsaga da shi, walda a inda bai kamata ba, tiyon da aka toshe da ƙusa ko tsohon fulogi, soket da ke lilo ba a jone ba, noti mai girma daban da 'yan uwansa.

A duba farantin lamba da ke jikin motar. A hayis, haruffan farko suna faɗin injin da ta zo da shi: RZH da TRH na fetur ne, LH da KDH na gas. Idan faranti ya ce LH amma inji na shan fetur, an yi dashen inji, kuma daga ranar duk kayan da za a aika a sayo a Ƙofar Ruwa a Kano, da lambar injin da ke ciki za a saye su. A lura kuma da sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a ranar 2 ga Afrilu, 1972, don haka motar da ta zo daga Japan ko Ingila sai an juya mata sitiyari. Wanda ya ga alamar yanka da walda a bangon gaba ya san an tsawaita bututun birki da wayoyi, kuma wurin da aka yi ƙari shi ne wurin da za a fara zargi.

Gwaji mafi arha shi ne juya makulli ba tare da an ta da inji ba. Fitilar baƙin mai da ta batir dole su kama, haka ma fitilar inji a motar da ke da ƙwaƙwalwa, sannan su mutu idan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba, ko dai ƙwanta ya ƙone, ko kuwa wani ya cire shi don kada mai saye ya gani. A wasu tsofaffin motocin Turai ma, ta wannan fitilar batir ce altaneta ke samun wutar da za ta fara caji, don haka cire ƙwan kaɗai ya isa ya hana caji.

4. Zafin inji

Nan ne dabara ta fi yawa, nan ne kuma ta fi cin kuɗi.

Ruwa na zagaya cikin inji ya kwaso zafi, famfon ruwa ya tura shi lagireto, iska ta sanyaya shi ya dawo. A bakin hanyar akwai tamostat. Da sanyi a rufe yake, don inji ya yi saurin kai zafin da ya fi aiki da shi. A yawancin injinan Toyota yakan fara buɗewa wajen digiri 82. Murfin lagireto kuma ba rufi kawai yake yi ba: yana matse ruwan, kuma ruwan da ke cikin matsi ba ya tafasa a digiri 100 sai ya doshi 120. Lambar da ke kan murfin, 0.9 ko 1.1, ita ce ƙarfin matsin.

> Akwatin kalmomi
> Tamostat: ƙaramin bawul da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya kai zafin aikinsa.
> Gaskit: shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, wadda ke raba wuta da ruwa da baƙin mai.
> Kulocin fanka: abin da ke sa fankar da bel ke juyawa ta ƙara gudu idan zafi ya ƙaru.

A garejojinmu an saba cewa tamostat na ƙasar sanyi ne, don haka da yawa ana cire shi tun ranar da mota ta sauka. Wannan magana ba ta da tushe. Idan inji ya yi zafi, tamostat mai lafiya a buɗe yake, bai tare komai ba. Cire shi kuwa na jawo asara biyu. Da asubar hunturu, a Disamba da Janairu, inji kan daɗe bai ɗumama ba, ya yi ta shan mai, baƙin mai bai saki jiki ba, ƙarfe na cin ƙarfe. Ta biyu ta fi ɓoyuwa: a injina da yawa, idan tamostat ya buɗe yana toshe wata gajeriyar hanya ta cikin inji. In babu shi, wani kaso na ruwan sai ya riƙa bin gajeriyar hanyar bai je lagireto ba, motar ta yi zafi a watan Afrilu da rana ke haura digiri 40, ga lodi, ga hawa.

Sauran dabarun kowa ya san su. A haɗa fankar lantarki kai tsaye, ko a ɗaure kulocin fanka da ƙusa. A zuba ɗanyen ƙwai ko garin barkono ko sabulu a lagireto don toshe yoyo, abin da ke toshe ƙananan bututun lagireton ma. A rufe baki da leda in murfi ya ɓata. A yi ta zuba ruwan rijiya, wanda ke barin tsatsa da farin ɓawo. Mafi muni, a zare wayar gejin zafi.

*Misali na 1.* A ɗauka wani ya sayi tsohuwar hayis yana jigilar fasinja daga Gwaram zuwa Birnin Kudu. Ƙorafinsa ɗaya: tana shan ruwa, jarka guda kullum, kuma geji bai taɓa nuna zafi ba. Ga yadda bakanike mai natsuwa zai bi ta.

Ya juya makulli, ya ta da inji, ya jira. Allurar geji ba ta motsa ba ko kaɗan. Ya leƙa ya tarar an zare wayar. To maganar cewa ba ta zafi ta faɗi. Ya bari inji ya huce sarai, domin ba a buɗe murfin lagireto da zafi, tururinsa na saɓule fata. Ya buɗe, ya ga robar murfin ta tsage. Ya cika ruwa, ya ta da inji murfi a buɗe, sai ga kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa tun inji bai ɗumama ba. Wannan iskar wuta ce ke kutsawa cikin ruwa, wato gaskit ya ƙone ko kan inji ya tsage. Ya duba ƙarƙashin murfin baƙin mai, ya ga wani fari-fari kamar an dama shi. Shaida ta biyu ke nan.

Nan ne da yawa ke tsayawa, su canza gaskit su sallami mota. Shi kuwa sai ya tambayi kansa me ya ƙona gaskit ɗin. Ya mayar da murfi, ya bar inji ya ɗumama, ya kashe, ya shafa fuskar lagireto da tafin hannu: gefe da zafi, tsakiya da sanyi. Ruwa ba ya ratsa tsakiyar, ta toshe. Ya kwance gidan tamostat, wayam. Yanzu labarin ya fito a jere. Lagireto ya yi yoyo, aka zuba masa abin toshewa. Ya toshe, mota ta fara zafi, aka cire tamostat. Zafi bai daina ba, aka zare geji aka sayar. Gaskit ne na ƙarshe da ya mutu. In aka sa sabo ba a wanke ko canza lagireto ba, ba a mayar da tamostat da murfi da geji ba, ba a kuma kai kan injin an auna ko ya lanƙwashe ba, sabon ma ƙonewa zai yi.

5. Wuta da wayoyi

> Akwatin kalmomi
> Bolt: ma'aunin ƙarfin turin wuta. Amfiya: ma'aunin yawan wutar da ke bin waya. Wat: ma'aunin wutar da na'ura ke ci.
> Fis: siririn ƙarfe da aka yi don ya tsinke idan wuta ta yi yawa, kafin waya ta ƙone.
> Wayar at: kakkaurar wayar da ke haɗa batir da jikin mota da inji, wadda wuta ke komawa ta cikinta.

Fis da ya tsinke ya yi aikinsa ne. Wanda ya maye shi da zaren waya ko takardar kwalin sigari mai ƙyalli ya mayar da dukkan wayar motar ta zama fis, kuma ita idan ta tashi ƙonewa da kujeru take tafiya. Fis na zamani da launi ake gane su: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. A murfin akwatin fis akan rubuta wanda ya dace da kowane gurbi. In an ga kore a gurbin ja, wani ya gaji da canzawa ne ya ƙara girma, kuma abin da ke tsinka shi yana nan.

*Misali na 2.* Lissafin yana da sauƙi: a raba wat da bolt, a sami amfiya. Fitilun gaba biyu masu wat 55 sun zama wat 110. A raba da 12, an sami kusan amfiya 9, fis mai 15 ya ɗauka lafiya. Sai mai motar na baya ya ƙara manyan fitilu biyu masu wat 100 don tafiyar dare, ya jona su a layi ɗaya. Wat 200 a raba da 12 kusan amfiya 17 ne. Jimla 26, a kan waya da makunnin da aka yi wa 9. Fis ya yi ta tsinkewa, aka ɗaure shi da waya. Sabon mai mota ya zo yana cewa makunnin fitila na narkewa, ya canza har sau biyu. Maganin shi ne a ba ƙarin fitilun layinsu daga batir, da fis nasu da rile nasu, ko a cire su.

Ƙaramar mitar auna wuta ta fi rabin kayan gareji amfani. Batir mai cikakken caji, inji a kashe, yana nuna kusan bolt 12.6. Inji na aiki, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Ƙasa da haka babu caji, sama da 15 kuwa altaneta na dafa batir.

*Misali na 3.* Wata J5 ba ta tashi da safe sai an tura. An sayi sabon batir, bayan kwana kaɗan ta koma gidan jiya. Mai waya ya auna: caji 14.1, lafiya. Ya kashe komai, ya cire kan batir na at, ya sa mita tsakani, ya ga amfiya 2 na fita. Mota a kashe bai kamata ta ci fiye da ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba. Ya zare fis ɗaya bayan ɗaya, adadin bai sauka ba, wato ɓarawon bai bi ta akwatin fis ba. Ya bi wayoyin da ke kan batir, ya tarar da wata ta tafi ƙarƙashin kujera, inda aka bar na'urar ƙara sautin rediyo a jone. Amfiya 2 sau awa 12 na dare ya zama 24. Batir mai lamba 60 ya rasa kashi biyu cikin biyar na cajinsa kafin asuba.

Akwai wata da ke bin motocin da aka yi wa dashen inji: a manta da wayar at tsakanin inji da jiki, ko a ɗaura ta kan fenti da tsatsa. Kik sai ya riƙa juyawa da nauyi, wayar totur ta riƙa zafi domin wuta ta nan ta sami hanya. A sa bakin mita ɗaya a jikin inji, ɗaya a kan batir na at, a yi kik. In ta nuna fiye da rabin bolt, wayar ce, ba batir ba, ba kik ba.

6. Mai, hayaƙi da ƙwaƙwalwa

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ƙorafin shan mai ya yawaita a gareji. Kafin a taɓa komai a auna. A cika tanki, a yi tafiyar da aka san nisanta, a sake cikawa. Wanda ya yi kilomita 240 ya zuba lita 30, motarsa na yin kilomita 8 a lita. In bayan gyara lita 24 ta ishe shi, ta koma 10. Da wannan ake sanin ko gyara ya yi, ba da jin kunne ba.

Bas-bas da yawa sun zo da injekta aka mayar da su kafireta, saboda ita aka fi sanin gyaranta. Famfon injekta na tura mai da ƙarfin kusan fam 40, irin ma'aunin da mai faci ke auna iskar taya da shi. Kafireta kuwa fam 3 zuwa 6 take so. In aka bar tsohon famfon ba a rage masa ƙarfi ba, kafireta za ta yi ta ambaliya, fulogi su yi baƙi, fetur ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. A shinshina sandar auna baƙin mai. Galan ɗin fetur da ake ajiyewa kusa da ƙafar fasinja a ja tiyo zuwa inji kuwa, wannan ba a tattauna shi, cire shi ake yi nan take.

Hayaƙi na magana da launi. Baƙi, mai ya fi iska yawa. Shuɗi, inji na ƙona baƙin mai, ringi ko robar bawul sun gaji. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya ɗumama, a injin fetur, ruwa ne. Mai shirin sayar da mota kan zuba baƙin mai mai kaurin gaske don ya danne hayaƙi da ƙara, shi ya sa wasu ke cewa bakanike ya ɓata musu inji daga juyen mai na farko. Juyen bai ɓata komai ba, abin da ke lulluɓe ne ya fito.

Motocin fetur da aka sayar a Amurka daga 1996, da na Turai daga 2001, suna da soket mai ƙafa 16 da ake jona kwamfuta. Tana taimakawa, amma abin da ƙwaƙwalwar mota ta gani take faɗa. Lambar P0115 na nuni ga layin na'urar auna zafin ruwa, kuma sau da yawa na'urar lafiyarta lau, soket ɗinta ne aka zare. P0420 kan fito a motar da aka fasa wa tukunyar salansa aka kwashe abin da kanikawa ke kira indomi. Lamba wurin dubawa take nunawa, ba umarnin sayen kaya ba ce.

7. Birki da ƙafafu

Dabarar inji kuɗi take ci. Ta birki rai take ci, don haka babu maneji a nan.

Idan robar birkin taya ɗaya ta fara yoyo, wasu kan kashe layin: su daddale bututun da guduma ko su cusa masa ƙusa. Feda ta yi tauri, direba ya ji daɗi, alhali da ƙafa uku motar ke tsayawa. Ranar da ya taka da ƙarfi a kan jiƙaƙƙen titi sai ta fizge gefe. Gwajin ba ya buƙatar ko sisi. A ɗaga motar a kafa ta a kan abin da ba zai goce ba, ba jak kaɗai ba. Mutum ɗaya ya taka birki, ɗaya ya juya kowace taya da hannu. Wadda ta juya, birkinta a kashe yake. Sannan a bi kowane bututu da ido daga masta har taya.

A buɗe kofin man birki. Abin da ya dace shi ne DOT 3 ko DOT 4, wanda sabonsa ba ya tafasa sai ya wuce digiri 200. Ruwan omo da ake zubawa a hanya a digiri 100 yake tafasa, ya zama tururi, feda ta tafi ƙasa babu birki, ga tsatsar da yake bari. Baƙin mai ko man giya kuma kumbura robobi suke yi. In an sami ɗaya daga cikinsu, a wanke layin gaba ɗaya a canza robobin duka.

A ƙafafu, a duba sifirin da aka ƙara wa ganye don ɗaukar lodi, a nemi tsaga a sasi kusa da mariƙinsa. A girgiza taya a ji boljoyin da tayarod, kuma duk wanda aka yi wa walda ko aka bubbuge don ya daina motsi a jefar da shi. Farfelar da aka yanke aka haɗa ba daidai ba ita ce ke kawo kakkarwar da ke ƙaruwa da gudu. A gefen taya akwai lamba huɗu a ƙarshen layin DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗi a kan tayar da ta haura shekara huɗu.

8. Tsara gyara

Mai tsohuwar bas ba zai iya gyara komai rana ɗaya ba, kuma bakaniken da ya zayyana masa dogon lissafi ba tare da ya bambance masa na gaggawa ba, korar sa ya yi zuwa wurin mai dabara. A fara da birki, sitiyari, taya da duk abin da ke iya ta da gobara. Sai a dawo da masu gargaɗi, wato fis da geji da fitilun dashbod, waɗanda su ne ma suka fi arha. Sai ruwa da baƙin mai. Ƙarar ƙofa da kujera sa jira.

A canza abu ɗaya, a gwada, sannan a taɓa na gaba. Wanda ya canza fulogi da koyil da famfo lokaci guda, ko motar ta gyaru bai san wanne ne ya lalace ba, kuma mai mota ya biya kuɗin uku.

A ajiye ƙaramin littafi a aljihun dashbod. A rubuta kwanan wata, abin da aka canza, da sunan garejin. Duk dabarar da tilas ta sa aka yi a hanya a rubuta ta da jan biro, a soke ta ranar da aka yi gyaran gaske. In an tashi sayar da motar a miƙa littafin tare da takardunta.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin alama da tushe? Kawo misali daga motar da ka sani.
2. Faɗi abubuwa uku da tsohuwar dabara ke bari a jikin mota.
3. Waɗanne fitilu ne ya kamata su kama idan an juya makulli ba a ta da inji ba? Me rashin kamawarsu ke nunawa?
4. Farantin wata hayis ya fara da LH amma tana shan fetur. Me ya faru, kuma da wace lamba za a sayo mata kaya?
5. Bayyana asara biyu da cire tamostat ke jawowa.
6. A Misali na 1, jera matsalolin motar daga wadda ta fara zuwa ta ƙarshe.
7. An jona fitilu biyu masu wat 60 da wasu biyu masu wat 90 a layi ɗaya na bolt 12. Amfiya nawa za su ja? Fis shuɗi zai ɗauka?
8. Wata na'ura na jan amfiya 3 mota a kashe. Nawa za ta cinye daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe?
9. Yaya ake gane tayar da aka kashe wa layin birki?
10. Lambar taya ta ƙare da 4120. A wane mako da wace shekara aka yi ta?
11. Aikin rukuni: ku nemi izinin wani mai bas a tashar garinku, ku zagaya motarsa da tocila inji a kashe, ku rubuta duk abin da ya saɓa wa ƙirar asali, sannan ku jera su bisa tsarin da ke sashe na 8.